Mun shiga sinimar da kujeru ke girgiza, an ba kowa bindigar roba

Tun kafin Babbar Sallah ɗana na tsakiya ya hana ni sakat. Wani abokinsa a makarantar boko ne ya ba shi labarin wata sinima a hanyar Lekki a nan Legas, wai kujera tana gudu da kai, an miƙa maka bindiga kana harbin dodanni, a ƙarshe a nuna wanda ya fi kowa iya saiti. Ni albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, kuma duk wanda ya san harkar gwari ya san makon Sallah ba mu da lokacin kanmu. Na ce masa ya bari a gama da naman layya tukuna. Asabar ta biyu bayan Sallah na cika alkawari.

Mu shida ne: ni, maman yara, babbar 'yata mai shekara 13, na tsakiyan mai 10, Auta mai 5, sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, da ya zo mana daga Zamfara. Shi ya ce ba ruwansa da sinima, teku yake son gani. Mun bar Agege da hantsi a motar wani abokina, muka hau gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990 zamanin Janar Babangida. Tsawonta kilomita 11.8 ne, kuma Kawu bai ɗauke kai daga taga ba har muka sauka. Da muka zo saitin Makoko ya hango gidajen katako a tsaye cikin ruwa, sai ya ce, "Yanzu nan mutane ke kwana da ɗiyansu?" Na ce ƙwarai kuwa, Kawu. Ban gaya masa wannan ruwan ba shi ne tekun ba, na bar shi da jin daɗinsa.

Wurin yana cikin wani katafaren kanti ne, a ɓangaren wasannin yara. An rubuta 7D da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa. Kada wannan ya ruɗe ku. Tsawo da faɗi da zurfi dai su ne uku da ido ke gani, sauran lambobin lissafin 'yan kasuwa ne: motsin kujera ɗaya, iska ɗaya, feshin ruwa ɗaya, bindiga ɗaya, a tara a ce bakwai. Wani wurin ma za ka ga 9D ko 12D. Ni ma idan mai saye ya zo nakan ce masa albasar nan 'yar Aliero ce ta gaske, to na san yaren.

Kuɗin shiga kuwa ba wasa. Abin da na biya mana mu shida zai yi mana cefanen kwana uku a gida, babu ƙari a maganar. Na'urar POS ɗinsu ta ƙi karɓar katina har sau biyu, sai tura kuɗin na yi ta waya, muka tsaya jiran saƙon shigarsu ya iso wa yarinyar da ke kan kanta. Daga nan muka bi layi na kusan minti arba'in, domin ɗakin ƙarami ne, kujeru takwas kacal, jeri biyu. A bakin ƙofa akwai ma'aunin tsawo da aka zana a bango. Auta ya miƙe ƙyam har da ɗage, kansa ya taɓa layin da ƙyar, mai tsaron ƙofa ya yi dariya ya ce ya wuce. Da na san abin da zai biyo baya, da na roƙe shi ya hana shi.

Kafin a shiga ana zaɓar fim. Akwai na gawawwaki masu tafiya, akwai na wasu dodannin daji, akwai na mutum-mutumin ƙarfe da suka mamaye wani gari. Yaran da ke gabanmu duk na gawawwakin suke so. Maman yara ta ce a'uzubillahi, ba da ita ba. Kawu, da bai ce uffan ba tun shigowarmu, ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali ko akwai wanda ake harbin mutane a ciki. Na ce akwai wanda ƙarafa ne zalla. Ya ce to a sa wannan.

Muka zauna, aka ɗaure mu da bel kamar a mota, aka raba tabarau. Kowace kujera tana da bindigarta a gefe, an ɗaure da waya, kuma kowa da kalar ɗigonsa a jikin allo don ya san inda yake nunawa. Nawa kore ne. Kyamara ta ɗauki fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Aka kashe fitila.

Gani ya kori ji. Fim ɗin ya fara kamar muna cikin wata ƙaramar mota a kan dogo, a saman gini. Ba a yi daƙiƙa goma ba dogon ya karye, muka rufta ƙasa. Wallahi hantar cikina sai da ta kaɗa. Na san sarai a ɗaki nake, na san kujerar ba ta matsa ko taku ɗaya daga inda aka kafe ta ba, amma ƙafata ta taka birkin da babu shi. Iska ta bugo mu ta gaba, mayafin maman yara ya tashi ya rufe mata tabarau, tana riƙe da bindiga da hannu ɗaya tana kokawa da mayafi da ɗayan, tana salati tana dariya. Ƙarafan nan suka yo kanmu ta ko'ina. Ɗaya ya miƙo hannu har sai da na kauce, na bugi kafaɗar Kawu.

Daga baya na zauna na yi tunanin yadda aka yi mini wannan wayon, domin tun ina yaro ina son sanin cikin na'ura. A cikin kunnen mutum akwai wani sashe da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki a tsaye yake ko a karkace, ko yana tafiya. Wannan sashen ba ya iya bambance kwantar da kai baya da fizgar mota idan ta tashi da gudu, duka biyun bayanka ne ke mannewa da kujera. To idan allo ya nuna an taka wuta, sai kujerar ta ɗan kwanta baya, idan an ja birki ta duƙa gaba, ido kuma ya cike sauran ƙaryar. Da wannan dabarar ake koya wa matuƙa jirgin sama tuƙi ba tare da sun bar ƙasa ba, kuma abin ya daɗe: tun 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi mai motsi. Tabarau ɗin kuma hoto biyu ake haskawa a allo lokaci guda, kowane gilashi ya bar ɗaya ya shiga idonsa. Na gwada rufe ido ɗaya ana tsakiyar wasa, nan take komai ya koma shafe kamar talabijin ɗin gida. Bindigar ba abin da ke fita daga bakinta da ido zai gani, da haske irin na rimot take aiki, kwamfuta na lissafa inda ka nuna. Mu da muka taso a shekarun 1990 mun san kakarta, wato wasan harbin agwagi na Nintendo da ya fito a 1984, wanda muke taruwa a ɗakin wani mai hali a unguwa muna jiran layi ya zo kanmu.

Duk wannan bayanin bai amfani Auta da komai ba. Tun faɗowar farko ya saki bindiga ya fasa kuka. Tabarau ɗin ya yi wa fuskarsa yawa, yana zamewa, ƙarar kuma ta yi tsanani ƙwarai, irin wadda kake ji a ƙirji. Ina ɗaure da bel, ba halin in ɗauke shi, sai hannunsa na kamo na ce ya rufe ido. Haka na ƙarasa wasan, hannu ɗaya a bindiga, ɗaya a hannun yaro. An ce mana idan wani ya rikice a ɗaga hannu za a tsayar, na ɗaga, ba wanda ya gani. Wannan shi ne babban ƙorafina a kansu. Tsawon yaro daban, ƙarfin zuciyarsa daban, kuma ya kamata a ce akwai mai sa ido a kan mutanen da ke ciki, ba a kan wayarsa ba.

Minti biyar ko ƙasa da haka, aka kunna fitila. An yi ba a yi ba, in ji maman yara. Sai allo ya kawo sakamako, hoton kowa da makinsa a gefe, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A nan ne na gane abin da na biya wa kuɗi. Babbar 'yata, wadda ko ƙadangare ba ta iya jifa, ita ce ta ɗaya, da tazara mai yawa. Ashe duk lokacin da muke ta danna kunama ba ƙaƙƙautawa muna ihu, ita ta lura cewa ƙarafa masu jar fitila a ka sun fi maki, ta bi su ɗaya ɗaya. Wani saurayi da aka haɗa mu da shi ne na biyu, uwarta ta uku. Ni na biyar. Mai gayya mai aiki, wanda ya hana ni barci wata guda, shi ne na shida.

Ido ya raina fata. Ya ce bindigarsa ce ba ta da saiti, idan ya nuna dama ɗigon sai ya tafi hagu. Na ɗauka borin kunya ne, har yayarsa ta fara yi masa waƙa. Amma da na karɓa na gwada kafin mu fita, gaskiyarsa ce, ɗigon yana kaucewa da kusan kamu guda. Na yi wa ma'aikacin magana. Da farko ya ce haka take, da na nuna masa sai ya kira wani babba, aka ba yaron damar sake shiga kyauta. Wannan na yaba musu. Sai dai kyautar ta jawo mini asara, domin yayarsa ta ce ba za a yi ramuwa ba ita ba, uwarsu ma ta ce yanzu ta gane kan abin, ta ɗaure mayafinta tamau. Na sake biyan na mutum biyu.

Kawu kuwa sifili ya ci. Hotonsa na can ƙasan allo, da hula da tabarau, yana murmushi. Bindigarsa tana kan cinyarsa tun farko har ƙarshe, bai ɗaga ta ba. Da muka fito na ce, "Kawu, ba ku gane yadda ake dannawa ba ne? Da kun yi magana ai da na nuna muku." Ya ce ya gane sarai. Ya ce kujerar dai ta burge shi, ta tuna masa bayan akori-kura a hanyar Ɗansadau da damina, har ma ta fi ta tausayi. "Amma ita wagga," ya nuna bindigar da haɓa, "mun gaji da jin ƙararta can gida. Ban zo Ikko in riƙa ta ba." Ban sami abin cewa ba. Shekara uku ke nan bai noma gonarsa ta bayan gari ba, kuma duk gidanmu mun san dalili.

Bai hana yaran komawa ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya ja hannun Auta suka zauna a benci, ya saya masa gugguru, ni kuma na tafi neman inda zan yi sallar La'asar. Na samu wani ɗan lungu kusa da wurin ajiye motoci inda masu gadi 'yan Arewa suka shimfiɗa tabarma, har da buta. Idan za ku je, ku tambayi masu gadi, sun fi ma'aikatan ciki sanin wannan.

A zagaye na biyu an sauya wa yaron kujera, ya zo na biyu, yayarsa ta sake yin na ɗaya. Maman yara ta fito tana dafe da goshi, ta ce jiri take ji da tashin zuciya. Wannan ma sananne ne: idan abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji suka saɓa, wasu mutane cikinsu kan juya, kamar mai karatu a cikin mota. Ta ci shinkafa kafin mu shiga, wannan ya ƙara. Ta sha ruwa mai sanyi, bayan kamar minti ashirin ta warware. A jikin ƙofar an rubuta gargaɗi ga masu juna biyu da masu ciwon baya ko wuya ko zuciya ko farfaɗiya, amma da Turanci ne kuma da ƙananan baƙaƙe, ba kuma wanda ya karanta mana. Tabarau ɗin ma daga fuskar wani zuwa fuskarka ne, nawa duk shatin yatsu, sai da na goge da bakin riga.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ga mai shekara takwas zuwa sama, e, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ga ɗan shekara biyar, a'a, ko da kansa ya wuce layin bango. Kada kuma mutum ya je shi kaɗai, domin girgizar kujera kafin ka kai mota ka manta da ita, amma allon sakamakon nan har yau ana maganarsa a gidana. 'Yata ta ɗauki hotonsa, ta tura wa 'yan uwa a WhatsApp, har gwaggonta a Gusau ta kira tana tambaya wai da gaske ne ta kayar da babanta. Ku je da wuri, kafin azahar, layin bai yi tsawo ba. Ku gwada saitin bindiga kafin a kashe fitila. Ku bar cin abinci sai an fito.

Daga nan muka kai Kawu bakin teku na gaske, ya tsaya nesa da ruwa ya naɗe ƙafar wando, ya daɗe yana kallo. A hanyar komawa cunkoso ya riƙe mu a kan gada har bayan magariba. Na tsakiyan yana baya ya miƙe yatsu biyu ta taga yana saitin motocin danfo, yana "tau, tau" da baki. Ta madubi na ga Kawu ya kama hannun ya sauke masa a kan cinya, ya zuba masa ragowar guggurun Auta a tafin.