Loki ne ya riƙe ni a littafin Norse Mythology

Ƙanwata ce ta kawo mini wannan littafi na Neil Gaiman, bugun 2017, na tatsuniyoyin allolin mutanen Arewacin Turai na da, cikin dare biyu na karance shi tas. Loki, mai wayo da makirci a cikin allolin, ne ya hana ni ajiye shi. Shi ya aske gashin Sif, matar Thor allan tsawa, tana barci, kuma garin neman tsira ya sa wadanni suka ƙera gudumar da Thor ke tinƙaho da ita. Ga ɓarna ga gyara, sak Gizo na tatsuniya. Sai dai Gizo bai taɓa sa jikina ya yi sanyi haka ba. Inda ya miƙa wa makaho Hod tsinken kauci ya jefi ɗan'uwansa Balder, sai da na rufe littafin na yi jugum.

Turancin ba wuya, ɗana ma yanzu shi yake karantawa.