Shagon da na wanke hotunan masuntan Argungu

Duk ɗalibin da aka ba aikin hoton fuska ya san ɗauka daban, wankewa daban. Shagon da na kai nawa a Birnin Kebbi ƙarami ne, kwamfuta ɗaya da firinta, amma mai shi ya san sana'arsa.

Aikina fuskokin masuntan Argungu ne. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a garin, ana hango su cikin ruwa dubbai, amma ba a cika tsayawa a dubi idon mutum guda ba. Na ɗauke su a bakin Matan Fada, kowa da goransa da homarsa, kuma a waya hotunan sun yi kyau. Da maigidan ya duba, sai ya wanke ƙarami guda na gwaji ya miƙo mini. Fuskar dattijon da ke hoton ta nutse a inuwar malfa, ba ka ganin ido, sai farin gemu, ruwan da ke bayansa kuwa ya yi fari fat.

"Samari," ya ce, "allon waya yana da haskensa, takarda ba ta da shi. In ka ce in wanke zan wanke, amma asarar kuɗi za ka yi. Koma ka sake ɗauka."

Da wani ne, da ya karɓi kuɗina ya sallame ni. Shi kuwa ya ce in bar ranar tsaka, in je da sassafe ko bayan la'asar, in sa yaro ya riƙe farin kwali ta ƙasa don ya mayar da haske kan fuska. Ya kuma hana ni turo masa ta WhatsApp, don yana matse hoto. Hoto mai inci 8 da 10, in ana so ya fito tas, yana neman fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 2400 da 3000, wato 300 a kowane inci. A memori na kawo.

Da na sake ɗauka, dattijon nan ya fito da tsagen fuskarsa, da kantar igiya a hannu, har ɗigon ruwa a gemu. Maigidan ya zaɓa mini takarda marar sheƙi, kuma na yarda da shi: mai sheƙi tana ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila, tana kuma kama shatin yatsa, alhali hoton makaranta hannu da yawa ke taɓa shi. Launin fata ya fito yadda Allah ya yi shi, bai sa fuskarsu ta yi fari ba kamar yadda wasu ke yi wai don su burge.

Akwai inda ban ji daɗi ba. In an ɗauke wuta aiki ya tsaya cak, ba janareta, sai da alkawari ya wuce. Wasu hotunan sun yi ja-ja da tawada ta kusa ƙarewa, ko da yake ya sake su bai ƙara mini ko kwabo ba. Kuɗinsa ya ɗara na maƙwabtansa, amma ya cancanta. Firem ɗinsa ne dai ba zan ba kowa shawara ba, kusurwa ba ta haɗuwa. Nawa wurin kafinta na kai, kuma ina ganin abokan karatuna su ma su yi haka, su kuma kai aikinsu tun ranar miƙawa ba ta matso ba.