Daga Connery zuwa Craig: wa ya fi iya shigowa a matsayin James Bond?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa a cikin manyan jarumai shida da suka fito a matsayin James Bond, ɗan leƙen asirin Birtaniya na finafinai, wane ne fitowarsa ta farko ta fi armashi, kuma ko gaskiya ne Daniel Craig ya yi wa sauran fintinkau kamar yadda abokanka ke ta nanatawa. Abokan naka ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai ba a gane darajar shigowar Craig sai an ajiye ta kusa da ta sauran. Duk lokacin da aka sauya jarumi, masu shirya fim ɗin suna da abin da suke tsoro, kuma mintunan farko ne ke tona wannan tsoron. Shi ya sa zan ɗauke su bibbiyu.

Mu fara da Sean Connery da George Lazenby, tunda dabara ɗaya aka yi musu, wato ɓoye fuska.

A Dr. No na 1962, Connery ba sananne ba ne sosai, ɗan Sikotland mai shekara 32, fim ɗin kuma na ƙaramin kuɗi ne, wajen dala miliyan ɗaya. Darakta Terence Young ya kai mu wani gidan caca a Landan da tsakar dare. Kyamara na kan wata mata mai jar riga, Sylvia Trench, da ake ta cinye mata kuɗi a teburin karta. Wanda ke cinye ta ɗin ba a nuna shi. Hannunsa kake gani yana juya karta, sai ƙeyarsa, sai gwangwanin tabarsa. Ya yaba ƙarfin halinta ya tambayi sunanta, ita kuma ta faɗi sunan mahaifi da farko sannan ta haɗa duka. Da ta mayar masa da tambayar, a nan ne aka ɗaga kyamara: yana kunna taba, idanu a lumshe kamar wanda duniya ba ta dame shi ba, ya ce "Bond, James Bond." Kiɗan nan da kowa ya sani ya taso a ƙarƙashi. Ka lura, salon faɗin sunan ma kwaikwayon matar ya yi don ya tsokane ta, amma shi ya zama tambarin finafinan har yau. Babu harbi, babu gudu, ko tashi daga kujera bai yi ba. Duk wanda ya taso da finafinan Indiya ya san wannan dabara, inda ake fara nuna takalmin akta, sai agogo, sai tabarau, kafin a saki fuska 'yan silima su ɗauki sowa. Bambancin kawai shi ne a 1962 babu wanda ke jiran fuskar Connery, jan ran da aka yi ne ya sa aka ji dole a gan ta.

Wani abin dariya: mutumin da ke tahowa a cikin bakin bindiga a farkon wannan fim, ya juyo ya yi harbi, ba Connery ba ne. Bob Simmons ne, mai tsaya masa a wuraren haɗari.

Lazenby kuwa a 1969 ya zo, a On Her Majesty's Secret Service, bayan Connery ya yi guda biyar ya ce ya gaji. Ɗan Ostareliya ne da bai taɓa jan fim ba, tallace-tallace yake yi. Tsoron furodusoshi a fili yake. Kafin a nuna shi, sai da aka fara nuna tsofaffin fuskoki a ofis, M shugaban Bond, da Q mai haɗa masa kayan aiki, da Moneypenny sakatariyar M, suna cigiyar inda 007, wato Bond da lambarsa ta aiki, ya shiga, kamar ana rarrashin 'yan kallo cewa gidan dai bai sauya ba. Sannan aka koma bakin teku a Fotugal, yana tuƙa Aston Martin cikin duhun asuba, haɓarsa da leɓensa da taba kawai ake nunawa. Wata mata ta wuce shi a jar mota, ya hango ta tana shiga teku za ta halaka kanta, ya ruga ya tsamo ta. Faɗan da ya biyo baya a cikin ruwa da yashi yana da zafi ƙwarai, domin darakta Peter Hunt tsohon mai tace hoto ne, ya san yadda ake yanka fim ya yi sauri. A nan Lazenby ya fi Connery motsin jiki, ba musu. Amma da matar ta gudu ta bar shi riƙe da takalmanta, sai ya yi maganar da ta ɓata komai: wai irin wannan bai taɓa faruwa da wancan mutumin ba. Wancan mutumin, wato Connery. An sa sabon jarumi ya tuna wa mutane wanda suke kewa da bakinsa, tun bai zauna daram ba. Akwai masu jin daɗin wannan barkwanci, ni dai ina ganin rashin yarda da kai ne. Fim ɗaya ya yi ya tafi, duk da cewa fim ɗin kansa yana cikin masu kyau, kuma ƙarshensa, inda aka harbe amaryarsa ranar ɗaurin aure, ya fi farkonsa nesa ba kusa ba.

Roger Moore da Timothy Dalton kishiyoyin juna ne.

Moore ba ya buƙatar a ɓoye fuskarsa, duniya ta riga ta san shi daga shirin talabijin na The Saint. A Live and Let Die na 1973 ko a buɗewar fim ɗin bai fito ba. An cika ta da kisan jami'an Birtaniya uku: ɗaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, ɗaya a titin New Orleans inda masu rakiyar gawa da kiɗa suka ɗauke shi a akwatin da ashe nasa ne, ɗaya kuma a wani tsibiri da maciji. Bayan waƙa sai ga Bond a gidansa, a kan gado, M na ƙwanƙwasa masa ƙofa da asubar fari alhali ya ɓoye baƙuwa a ciki. Duk wasan a kan ɓoyon ne: ya ja maigidan nasa zuwa kicin yana haɗa masa kofi da wata na'ura mai tarkace, Moneypenny ta ga baƙuwar ta rufa masa asiri, agogonsa mai maganaɗisu ya fizge cokalin M. A matsayin shigowar ɗan leƙen asiri, ita ce mafi sanyi a cikin shidan. Amma ba ta yi ƙarya ba. Ta gaya maka cewa wannan Bond ɗin da murmushi da ɗaga gira zai yi aikinsa, kuma haka ya yi har fim bakwai, zuwa 1985, lokacin yana da shekara 57.

To, bayan shekaru goma sha biyu na raha, sai aka kawo Dalton a The Living Daylights na 1987, kuma shigowarsa ita ce wadda aka fi zalunta wajen yabo. Jami'ai uku masu lambar sifili biyu, wato irin ta 007 mai ba da izinin kisa, suka yi tsalle da laima daga jirgin sama zuwa kan dutsen Jibralta, duk cikin baƙaƙen kaya, don atisaye da sojojin da ke gadin wurin. Harsashin fenti ake harbawa, wasa ne. Ba ka san wane ne Bond a cikinsu ba. Na farko ya maƙale a bishiya aka fesa masa fenti, ya fita. Na biyu yana hawan dutse da igiya sai wani maƙiyi na gaske da ya saje da masu atisayen ya datse igiyar. Ihun faɗuwarsa ne ya sa na ukun ya waiwayo, iska na kaɗa gashinsa, fuska a murtuke. Wannan waiwayen shi ne gabatarwar, babu wata magana. Daga nan sai gudu, ya dira kan rufin Land Rover mai cike da harsasai tana gangarowa kan siririyar hanya, wuta ta kama, motar ta zarce daga kan dutse, ya fice da laimarsa. Abin da ya rage mata maki a wurina shi ne yadda aka rufe ta: ya sauka a kan jirgin ruwan wata mai kuɗi da ke ƙorafin rashin namiji na gaske, ya buga waya ofis ya ce zai zo nan da awa ɗaya, da ta miƙo masa abin sha ya mai da shi awa biyu. Wannan layin irin na Moore ne, kuma a bakin Dalton bai zauna ba.

Inda kwatancen ya fi daɗi shi ne tsakanin Pierce Brosnan da Daniel Craig, domin darakta ɗaya ne ya gabatar da su, Martin Campbell, kuma dukansu biyu a banɗaki aka fara ganin aikinsu.

Brosnan ya daɗe yana jiran wannan matsayi. Tun 1986 aka zaɓe shi, kwantiraginsa na shirin Remington Steele ya hana, Dalton ya samu. Da GoldenEye ya fito a 1995, an yi shekara shida ba a yi fim ɗin Bond ba, Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, mutane na tambayar me ɗan leƙen asirin yaƙin cacar baka zai yi yanzu. Amsar da aka ba su ita ce girman abin kallo. Wani mutum cikin baƙaƙen kaya yana gudu a kan wata ƙatuwar madatsar ruwa, ya ɗaura igiyar roba a ƙafa, ya buɗe hannuwa ya faɗa. Shiru, ba kiɗa, sai ƙarar iska. A labarin wurin masana'antar makamai masu guba ce ta Sobiyet, amma a zahiri madatsar Verzasca ce a Suwizalan, tsayinta mita 220, kuma Wayne Michaels ne ya yi tsallen da gaske. Bayan duk wannan, ina aka fara nuna fuskar Brosnan sosai? A makewayi. Wani sojan Rasha na zaune yana karanta jarida, ya sauke ta sai ya ga mutum rataye ta sama, kai a ƙasa, yana ba shi haƙurin rashin ƙwanƙwasa ƙofa, sai naushi. Ka ga an haɗa komai wuri ɗaya: haɗarin Dalton, barkwancin Moore, kyan shigar Connery. Wannan shi ne ƙarfin Brosnan, shi ne kuma rauninsa, don in aka ce ka faɗi abin da yake nasa shi kaɗai sai ka yi ta lalube. Buɗewar ta kuma wuce gona da iri a ƙarshe, inda ya bi jirgin da ke faɗawa kwari da babur, ya kamo shi a iska ya shiga ya tayar da shi.

Craig kuwa da zagi aka tarbe shi. Tun da aka sanar da sunansa a 2005 jaridun Ingila ke yi masa ba'a, wai gashinsa fari-fari ne, wai gajere ne, har rigar kariyar nutsewa da ya sa a kwalekwalen da ya kawo shi taron manema labarai sai da ta zama abin tsokana. Fim ɗin Brosnan na ƙarshe a 2002 ya kai ga mota mai ɓacewa, a daidai lokacin da finafinan Jason Bourne suka nuna wa mutane faɗa mai kama da gaske. Casino Royale na 2006 sai ya buɗe babu launi, fari da baƙi. Birnin Prag, da dare. Wani babban jami'i mai suna Dryden, wanda ke sayar da asirin ƙasa, ya shiga ofishinsa ya tarar da Bond zaune a duhu. Bai tsorata ba, ya ma raina shi: ai da M, wadda mace ce a wannan fim, da gaske take da ta turo mai lambar sifili biyu, kai kuwa fayil ɗinka ya nuna ba ka taɓa kashe kowa ba, kuma sai an kashe biyu ake samun lambar. Ya zaro bindiga daga aljihun tebur ya danna, ba harsashi, Bond ya riga ya kwashe. Ana cikin wannan zance ana yanko mana kisan farko, na abokin cinikin Dryden, a banɗakin jama'a. Babu ado a ciki ko kaɗan. Ana fasa ƙofofi, ana buga kai da tayil, a ƙarshe ya danna kan mutumin a kwamin wanke hannu cike da ruwa har ya daina motsi, sannan ya miƙe yana haki, yana kallon abin da hannunsa ya aikata. Dryden ya fara ce masa kada ya damu, na biyu ya fi, bai ƙarasa ba harsashi ya same shi. Bond ya ƙarasa masa cewa ƙwarai kuwa, ya fi sauƙi.

Banɗaki ɗaya an shiga don a yi dariya, ɗayan an shiga don a nuna cewa kashe mutum aiki ne mai ƙazanta. A cikin 'yan mintuna an gaya maka yadda mutum ke zama 007 da abin da hakan ke ci a jikinsa, abin da babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya gwada. Har harbin cikin bakin bindiga an saka shi cikin labarin, lokacin da wanda aka zaci ya mutu ya rarumo bindiga Bond ya juyo. Sunan nan kuwa da Connery ya faɗa tun da wuri, an hana Craig faɗinsa sai a daƙiƙun ƙarshe na fim ɗin, a bakin tafkin Como a Italiya, yana tsaye a kan wanda ya harba a ƙafa.

Idan jeri kake so, Craig na sa a gaba, Connery na bi masa dab da dab, kuma duk wanda ya juya su ba zan yi jayayya da shi ba, tunda Connery da karta da taba kawai ya yi nasa. Dalton na uku, Brosnan na huɗu duk da tsallen da ya fi na kowa, saboda tsallen na Wayne Michaels ne. Lazenby na biyar, Moore na shida, a shigowa kawai nake nufi, ba a finafinansu gaba ɗaya ba.

In kuma wani ya ce maka ai Connery ba shi ne na farko ba, yana da hujja. Wani Ba'amurke, Barry Nelson, ya riga shi fitowa a matsayin Bond a wani wasan talabijin na 1954, shekara ɗaya bayan Ian Fleming ya fitar da littafin farko, kuma a can an mai da shi ɗan leƙen asirin Amurka.