Inshorar Dole ta Mota a Nijeriya: Abin da Naira 15,000 Ke Saya da Abin da Ba Ta Saya

A cikin takardun mota babu wadda ake raina wa hankali kamar takardar inshora. Yawancin masu motoci a garuruwanmu suna karɓar ta ne tare da sauran takardu a lokacin sabunta lasisi, su naɗe ta su ajiye a aljihun gaban mota, ba sa sake waiwayar ta sai ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗurra ya tsayar da su. Ni ma ina cikin masu biyan kuɗinta duk shekara, kuma bayan na karanta sharuɗɗanta na ga yadda ake neman haƙƙi da ita, ra'ayina shi ne tana da amfanin da ya zarce kuɗinta nesa ba kusa ba, amma ga wanda ya sayi ta gaske kuma ya san yadda ake aiki da ita.

Ana kiran ta inshorar ɓangare na uku domin ba mai motar take biya ba, wanda motar ta yi wa lahani take biya. Tilascinta ba sabon abu ba ne, tun dokar 1945 ta zamanin Turawan mulki yake. Abin da ya sauya shi ne farashi: daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai Adaidaita Sahu yana biyan 5,000, mai babur 3,000. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken ta a kan hanya.

Babban alherinta yana wajen rauni da rasa rai, kuma nan ne jama'a suka fi jahiltar ta. Iyakar miliyan 3 ɗin nan ta shafi dukiya ne kawai, kamar motar wani ko katangar gida ko rumfar mai kasuwa. Idan kuwa mutum aka buge ya karye ko ya rasu, wannan iyaka ba ta hau kansa ba, abin da za a biya ya danganta ne da girman cutarwar da kuma abin da aka daidaita a kai ko kotu ta yanke. Duk wanda ya taɓa ganin direba yana yawon neman rance domin biyan kuɗin aikin ƙashi da hoto da magani na wanda ya kaɗe, ko ya ga iyalin mamaci da dangin direba suna zaman maganar diyya alhali direban ko motar ba tasa ba ce, zai gane cewa naira 15,000 a shekara ba kuɗi ba ne idan aka kwatanta da nauyin da take ɗaukewa.

Sai dai al'adarmu ta sasanci a bakin titi tana yawan kashe wannan haƙƙi tun kafin a fara neman sa. Da zarar an yi karo sai jama'a su taru, a ce ƙaddara ce, a ba da haƙuri, mai laifi ya yi alkawarin gyara ko ɗaukar nauyin asibiti, kowa ya kama gabansa. Sulhu alheri ne, ban musa ba, amma sharuɗɗan inshora galibi sun hana mai mota amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da sanin kamfanin ba, kuma kamfanin yana buƙatar a sanar da shi da wuri, a kawo rahoton 'yan sanda, hotunan wurin da abin ya faru, lasisin direba, ƙiyasin mai gyara, da rahoton likita da rasit-rasit idan akwai rauni. Wanda ya janye motarsa ba hoto ba rahoto, sannan bayan wata guda ciwon wanda aka buge ya tsananta, zai je kamfani hannu rabbana. Shi kuma mai raunin, da ya yafe a ranar cikin ruɗani, shi ake bari da jinya. Kai mai rauni asibiti shi ne farko, kuma lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, amma ɗaukar hoto da rubuta lambar mota ba sa hana ceton rai.

Aibi na biyu shi ne jabu. Akwai masu shiga tsakani da ke haɗa wa mutum takardu su saka masa wadda babu kamfanin da ya san da zamanta, kuma arharta ce ke jan mutane. Duk wanda aka ce masa ya kawo ƙasa da farashin da hukuma ta ƙayyade, to ya yi shakka. Tantancewa ba ta da wuya: ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake shigar da lambar mota a intanet a ga ko inshorar tana raye da sunan kamfanin da ya bayar. Sayen ta kai tsaye daga kamfani ko daga dillali mai rajista ya fi kwanciyar hankali. Masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini kuwa suna da mafita a kamfanonin takaful masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, waɗanda ke gudanar da aikinsu bisa tsarin taimakekeniya.

Akwai abin da ba ta yi, kuma bai kamata a zarge ta a kai ba. Ba ta gyara motar mai ita, ba ta biyan jinyarsa, ba ta biyan sata ko gobara. Mai son wannan sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ya ninka wannan sau da yawa. Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne iyakar miliyan 3, domin yadda kayan gyara suka yi tsada tun bayan faɗuwar darajar naira, fitilu da bamba da murfin injin babbar motar zamani kaɗai suna iya cinye ta, ragowar kuma daga aljihun mai laifi za ta fito. Haka kuma tattara takardu yana cin lokaci da zirga-zirga, abin da ke sa talaka mai rauni ya gaji ya haƙura. Idan kamfani ya ja ƙafa ba tare da hujja ba, NAICOM tana karɓar koke, kuma idan raunin babba ne, ya fi dacewa a nemi lauya kafin a sa hannu a kan kowace takardar sasanci, domin wanda ya sa hannu cewa an sallame shi da wuya ya sake samun damar neman ƙari.