Aikin gwamnati ko ƙaramar sana'a a Kuba

A Kuba, ma'aikacin gwamnati yana da albashi duk wata da fansho, amma kuɗin ba ya kai shi ƙarshen wata. A Janairun 2021 aka mayar da mafi ƙarancin albashi peso 2,100, tsadar kaya ta lashe shi kafin a ankara. Littafin rabon abinci da ake amfani da shi tun 1962 kuwa, ɗan shinkafa da sukari da wake yake bayarwa.

Ita ƙaramar sana'a ta sha wuya. A 1968 Fidel Castro, jagoran Kuba na lokacin, ya ƙwace ƙananan shaguna fiye da 50,000, har da na masu aski. Sai da Tarayyar Sobiyet, wadda ke tallafa wa Kuba, ta rushe, yunwa ta yi ƙamari, aka sake ba ta dama a 1993. Gidan abincin da ake buɗewa a cikin gida, kujera 12 kacal aka yarje masa da farko, abin dariya. Duk da haka, mai ba 'yan yawon buɗe ido hayar ɗaki yakan samu a 'yan kwanaki abin da likita ba ya samu a wata. Shi ya sa injiniya ke tuƙa tasi a Habana, babban birnin ƙasar. Sai dai kayan aiki sau da yawa ta bayan fage ake sayo su, ga sufeto na iya faɗowa kowane lokaci.