Kafin ku sayi abin tare afdet a kwamfutocin ɗalibai

Duk mai kula da netwok ɗin jami'a ko kwaleji ya san wahalar nan, ana tsaka da jarabawa a lab sai kwamfuta ta ce ita fa ristat za ta yi, ko intanet ya yi nauyi kowa na ƙorafi saboda laftof ɗin ɗalibai duk sun hau jan afdet lokaci guda. Daga nan sai ka ji manya sun ce a nemo abin da zai toshe afdet ɗin gaba ɗaya kowa ya huta. Don Allah kar ku sayi wannan. Ku nemi wanda zai ba ku ikon jinkirtawa da tacewa, ku ne za ku ce wanne zai shiga kuma yaushe.

A watan Mayun 2017 WannaCry, wata muguwar manhaja mai neman kuɗin fansa, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa har da asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da afdet ɗin da ya toshe ƙofar da ta bi, waɗanda ba su ɗora ba su suka sha wuya. Amma kuma afdet ɗin kansa yana iya zama masifa, a 2020 ta cikin afdet ɗin manhajar kula da netwok ta kamfanin SolarWinds ɓarayin intanet suka shiga kwamfutocin masu amfani da ita, sannan ranar 19 ga Yulin 2024 wani afdet na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5. To kun ga toshewa haɗari, sakin komai ma haɗari.

Tambayar farko kafin a cire ko sisi, kwamfutar ta wace ce, ta makaranta ko ta ɗalibi?

In ta makaranta ce kuma Windows ce, mafi sauƙi shi ne Group Policy, wato tsarin da ake kafa wa kwamfutoci dokoki daga wuri ɗaya, yana cikin nau'in Windows na Pro da Education da Enterprise, babu shi a Home. Da yawa suna haɗa shi da WSUS, wato saba guda ta sauko da afdet sau ɗaya, kai ka amince, sannan ta raba wa sauran ta cikin gida, kuma gaskiya wajen rage cin data yana da kyau sosai. Matsalar ita ce a Satumbar 2024 Microsoft ta sanar ta daina ƙara masa komai, yana nan yana aiki amma in yau za ku fara gini ni ba zan ce ku ɗora a kansa ba.

Intune, tsarin Microsoft na sarrafa kwamfutoci ta intanet, shi na fi karkata gare shi in akwai kuɗin lasisi. Za ka kasa kwamfutoci rukuni rukuni, 'yan kaɗan na ofishin ku su karɓa da farko, in an kwana biyu ba abin da ya lalace sai lab ɗin ɗalibai. Gyaran tsaro na wata wata, wanda ke fitowa Talata ta biyu a kowane wata, ana iya jinkirta shi har kwana 30, babban canjin siga kuma har kwana 365, kuma nan ne dabarar take, babban ku riƙe shi sai hutun zango, na tsaro kuwa mako guda ya isa, wallahi kar ku cinye kwana 30 ɗin don kawai an ba ku. Ku kunna Delivery Optimization ma don kwamfutoci su riƙa miƙa wa juna afdet maimakon kowacce ta fita waje.

Masu Mac akwai manhajar sarrafa su mai suna Jamf, jinkirin ya kai kwana 90. Chromebook kuma daga Google Admin ake tsayar da su a siga ɗaya.

Deep Freeze na Faronics ana son shi a lab don duk ɓarnar da ɗalibi ya yi da an yi ristat ta goge, sai dai afdet ma gogewa yake in ba ku ware masa lokacin gyara da dare ba, sai ku wayi gari da kwamfutoci tsaf tsaf a ido amma tsaronsu na bara ne.

To in laftof ɗin na ɗalibi ne fa? Nan ba ku da hurumin kashe masa afdet, kuma rufe adireshin Microsoft a fayawol shi ne zaɓi mafi muni a wajena, na'urori marasa gyara za ku tara a kan waifai ɗinku da hannunku. Abin da ya dace ku saya mai gadin ƙofa ne, irin su Cisco ISE ko Aruba ClearPass, ko PacketFence da yake kyauta amma yana son mutumin da ya iya Linux sosai. Ya duba na'ura kafin ta shiga, in ta tsufa, misali Windows 10 da tallafinta ya ƙare 14 ga Oktoban 2025, ya tura ta wani ɓangare daban nesa da sabar sakamakon jarabawa da ta albashi.

Afdet ɗin da ya cancanci toshewa ɗari bisa ɗari shi ne na bogi, shafin da zai fito ya ce wai Chrome ɗinka ya tsufa danna nan. Wannan tace DNS ne maganinsa, wato toshe adireshin miyagun shafuka, sai AppLocker mai hana buɗe manhajar da ba a amince da ita ba a kwamfutocin lab, da cire wa ɗalibai ikon admin.

Duk dillalin da ya zo muku ku tambaye shi ko afdet ɗin manhajarsa shi kansa ana iya sakinsa rukuni rukuni, ko ana iya janye wanda ya ɓata abu, da kuma ko lasisin kan kowace na'ura ne ko kan kowane ɗalibi, don lissafin yana bambanta sosai in lab ɗaya mutum da yawa ke amfani da shi. Ku ce ya ba ku gwaji a lab guda tukuna kafin a sa hannu.