Littafin tambayoyin baya na kemistiri: amsar da ta sa ƙanwata kuka

Na saya wa ƙanwata littafin nan na tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, ɓangaren kemistiri, wanda ke cike da shagunan littattafai a Sabon Gari. Satin farko wallahi yabonsa kawai nake yi. Yarinyar da ta kai aji uku na babbar sakandare tana tsoron duk tambayar da ta ambaci mol, wato ma'aunin da ake ƙirga yawan sinadari da shi, sai ga ta ta gane cewa lambobin da ke gaban sinadarai a ikweshan, wato rubutun da ke nuna yadda sinadarai ke haɗuwa, adadin mol suke nunawa. Misalin N₂ + 3H₂ → 2NH₃ ne ya buɗe mata kai: mol ɗaya na naitirojin da uku na haidirojin su ba da biyu na amoniya, wato giram 28 da giram 6 su haɗu su zama 34. Har na turo wa ƙawayena hoton bangon littafin.

Daren Larabar da ta wuce, bayan isha'i, na same ta tana hawaye a kan tabarma. Ta ce, "Yaya, ni dai ba zan taɓa iya wannan ba, sau huɗu ina yi amsata ba ta zo daidai ba." Tambayar taitireshan ce, wato ɗiga wani ruwan sinadari a kan wani har su cinye juna don a gano ƙarfin ɗayansu, irin wadda ake kawowa a jarrabawar ɗakin gwaji: 25 cm³ na Na₂CO₃ mai ƙarfin 0.05 mol/dm³ ya cinye 20 cm³ na asid ɗin HCl, a nemo ƙarfin asid ɗin. Ita ta samu 0.125, littafin ya ce 0.0625.

Na karɓi biro na daidaita ikweshan da kaina. Na₂CO₃ ɗaya HCl biyu yake buƙata. Mol ɗin kabonet, wato Na₂CO₃, 0.00125 ne, na asid ya zama 0.0025, a raba da 0.02 dm³, 0.125 ke nan. Yarinya ta yi daidai tun karon farko! Masu littafin ne suka ɗauki rabon ɗaya da ɗaya, suka manta da 2 ɗin da su da kansu suka yi ta nanatawa a farkon babin. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta riga ta goge aikinta mai kyau ta kwafe nasu, don a ganinta abin da aka buga ba ya kuskure.

Daga nan ne na fara tuno sauran abubuwan da na yi ta kawar da kai a kansu. Takardar siririya ce, rubutun baya na leƙowa, ƙananan lambobin ƙasan sinadarai sun dushe har ba a bambance CO₂ da CO₃. Kuma na sake cin karo da irin kuskuren nan a tambayar H₂SO₄ da NaOH.

Bayanin farkon babi yana da kyau, ba zan ɗauke masa wannan ba, amma shafukan amsa na haɗe su da fin. Yanzu duk abin da ta lissafa, malamarta take kai wa ranar Litinin.